Ina Ba da Waƙa a Zumuntar Mata, Amma Zuciyata Ba Daɗi: Ina da Rai Madawwami Kuwa?

Tambaya: Baba Rabaran, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni gwauruwa ce a Ungwan Romi, da yara huɗu. Maigidana ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, bai sake samun tsayayyen aiki ba har Ubangiji ya kira shi bara waccan. Tun ina budurwa aka yi mini baftisma, kuma ni ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata. Amma in na koma gida sai zuciyata ta yi nauyi. Wani baƙon mai wa'azi ya ce a taron farkawa duk wanda ba ya farin ciki kullum ba shi da Ruhu Mai Tsarki, ya binciki cetonsa. Tun ranar ba na barci. Ina da rai madawwami kuwa? Kuma a ina ake samun farin cikin da ba ya ƙarewa?

Amsa: 'Yata, sannu da haƙuri. Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya raya miki yaran.

Zan fara da abin da ya hana ki barci. Maganar da mai wa'azin nan ya yi ba daidai ba ce, kuma ba zan yi miki kwana-kwana a kanta ba. Ban ce yana da mugun nufi ba. Mai yiwuwa Galatiyawa 5:22 ce a ransa, inda aka lissafta farin ciki cikin 'ya'yan Ruhu. Amma ya ɗauki aya guda ya mai da ita ma'aunin ceto, alhali in aka auna mutanen Littafi Mai Tsarki da wannan ma'auni, babu wanda zai tsira. Bulus ya gaya wa Romawa cewa yana da matsanancin baƙin ciki da takaici marar yankewa a zuciyarsa saboda danginsa (Romawa 9:2). Ya gaya wa Korintiyawa cewa wahalar da suka sha a ƙasar Asiya ta fi ƙarfinsu har suka fid da rai. Annabi Iliya, bayan ya ga wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel da idonsa, ya gudu jeji ya zauna gindin itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Shi kansa Ubangijinmu ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru, ga shi kuwa ya san nan da ɗan lokaci zai tashe shi. A Getsamani ya ce wa almajiransa ransa yana shan baƙin ciki har kamar ya mutu. To wa zai buɗe baki ya ce Yesu ba shi da Ruhu Mai Tsarki a daren nan?

Ki buɗe Zabura ma ki gani. Waƙoƙi 150 ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi a gaban Allah. Yawancinsu sukan fara da kuka su ƙare da yabo, amma Zabura 88 ko wannan ba ta yi ba. Da duhu ta fara, da duhu ta rufe. Allah bai cire ta daga littafinsa ba. Ya bar ta a tsakiyar littafin waƙoƙin jama'arsa domin irinki su sami abin faɗa a ranar da Halleluya ta ƙi fitowa.

Yanzu ga rai madawwami. Yawancin mutanenmu, in ka tambaye su, za su ce maka shi ne ladan da ake samu bayan mutuwa in mutum ya yi ƙoƙari. Kuskure biyu ke cikin wannan amsa. Na farko, ba lada ba ne. Romawa 6:23 ta ce hakkin zunubi mutuwa ne, amma rai madawwami baiwar Allah ce cikin Almasihu Yesu. Hakki kai ka yi aikinsa, baiwa kuwa hannu kawai kake miƙawa. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu bai taɓa ba da zakka ba, bai shiga kwaya ba, ba a yi masa baftisma ba, kuma na tabbata ba dariya yake yi a kan gicciyen ba. Roƙo guda ya yi, a tuna da shi, aka ce masa yau ɗin nan zai kasance tare da Ubangiji a Firdausi.

Kuskure na biyu shi ne cewa sai an mutu. A Yohanna 17:3, cikin addu'ar da ya yi daren da za a kama shi, Yesu ya faɗi abin da rai madawwami yake: mutum ya san Allah makaɗaici na gaskiya, da Yesu Almasihu wanda ya aiko. Sani irin na zaman tare, yadda kika san maigidanki har kina gane takunsa tun daga zaure. Wannan sanin a nan duniya yake farawa. Shi ya sa a Yohanna 5:24 ya ce mai jin maganarsa, mai gaskata wanda ya aiko shi, yana da rai madawwami, ya riga ya ƙetare daga mutuwa zuwa rai. Manzo Yohanna kuma, da ya zo ƙarshen wasiƙarsa ta fari, ya ce ya rubuta ne domin masu ba da gaskiya su sani suna da rai madawwami (1 Yohanna 5:13), kada su yi ta zaman zullumi har ranar shari'a.

Saboda haka tambayar da za ki yi wa kanki ba "yaya nake ji yau?" ba ce. Ki tambayi kanki ga wa kika dogara domin gafarar zunubanki. In amsarki ita ce Yesu, wanda ya mutu ya tashi, to maganar ta fita hannunki ta koma nasa. A Yohanna 10:28 ya ce yana ba tumakinsa rai madawwami, ba mai ƙwace su daga hannunsa. Ƙarfin riƙon nasa ne. Zan ƙara miki da abin da na lura da shi a aikin kiwon jama'a: wanda babu ruwansa da Allah ba ya rasa barci don tsoron rabuwa da Allah. Yana kwanciya ya yi minshari abinsa. Wannan damuwa da kika kawo mini, ni a wurina shaida ce cewa akwai rai a cikinki.

To farin cikin fa? Nan ne nake so mu daɗe kaɗan.

Alkawarin da ya fi kowanne ƙarfi a kan farin ciki mai ɗorewa yana Yohanna 16:22, inda Yesu ya ce ba mai raba almajiransa da farin cikinsu. Mutane suna son wannan rabin ayar, har a jikin Keke Napep za ki iya ganin irinta. Amma ki karanta daga aya ta 20. Ya fara gaya musu ne za su yi kuka da makoki, duniya kuwa tana murna. Sa'an nan ya faɗi dalilin da baƙin cikin zai juya: zai sake ganinsu. Bai ce Romawa za su bar ƙasar ba, bai ce za a daina tsananta musu ba, kuma mun san yawancinsu wahala suka sha har ƙarshen ransu. Abin da ya ɗaure farin cikinsu a jikinsa shi ne kabarin da babu kowa a ciki. Abin da ya sa ba a iya ƙwace shi ke nan, domin babu wani sarki, ko ɗan bindiga, ko mai gidan haya da zai iya mai da Yesu cikin kabari.

Haka ya yi wa mutum saba'in ɗin da ya aika wa'azi. Sun dawo suna ta murna, har aljanu sun yi musu biyayya. Ya ce kada su yi farin ciki da wannan, su yi farin ciki cewa an rubuta sunayensu a sama (Luka 10:20). Ko nasarar aikin Allah bai yarda su jingina a kanta ba, don yau akwai ta, gobe babu.

Annabi Habakuk ya rayu wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da rundunar Babila take tasowa, ba da daɗewa ba kuwa ta rushe Urushalima. A ƙarshen littafinsa ya lissafta abin da manomi yake tsoro: ɓaure bai yi toho ba, inabi babu 'ya'ya, zaitun ya ƙi, gona ba ta ba da abinci ba, garke babu tumaki, turke babu shanu. Duk wanda ya fito daga ƙauyukan Kajuru ko Birnin Gwari da aka hana noma ya san wannan lissafi ba sai an yi masa bayani ba. Bayan haka ne ya ce duk da haka zai yi farin ciki da Ubangiji, Allah mai cetonsa. Aya ɗaya kafin lissafin nan ya ce cikinsa yana kaɗawa, leɓunansa suna rawa, ƙafafunsa suna makyarkyata. Mutum guda ne, a lokaci guda. Bulus ya faɗi haka game da kansa a 2 Korintiyawa 6:10, cewa suna kamar masu baƙin ciki, amma kullum suna farin ciki. Wasiƙar Filibiyawa ma, wadda ta ce a yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, a ɗaure ya rubuta ta yana jiran shari'ar da za ta iya kai shi ga kisa. Mutanen Filibi kuwa ba za su ce cika baki yake yi ba, don a garinsu ne aka yi masa bulala shi da Sila, aka sa ƙafafunsu a turu, tsakar dare kuma fursunoni suka ji su suna waƙa.

Kin san yadda iyayenmu mata suke yi da wuta kafin ashana ta yawaita. Da dare a tattara garwashi a rufe da toka. Baƙo ya shigo da asuba ya dubi murhu, zai rantse wutar ta mutu. Matar gida ita ta san ba haka ba ne, sai ta tone tokar ta hura. Makokin shekara biyu toka ce mai kauri, 'yata, kuma mai wa'azin nan baƙo ne, murhun kawai ya duba.

Mu a Kaduna wannan darasi ba a aji muka koye shi ba. Rikicin 2000 da na 2002 sun raba garin nan, mutane suka kwashe kaya suka ƙetare kogi, wasu kudu wasu arewa, Kirista da Musulmi kowa ya binne nasa. Aka zo aka yi na 2011. A watan Yuli 2021 aka kwashe ɗalibai sama da ɗari daga makarantar Bethel Baptist, iyaye suka taru a harabar makarantar suna kuka suna kiran sunan Allah. Wanda zai je wurin ya ce wa uwar da ke birgima a ƙasa ta binciki cetonta tun da ba ta murmushi, bai san Allah ba, bai kuma san mutane ba. Kuma tun farkon shigowar bishara ƙasar nan haka abin yake. Samari uku ne suka sauka Legas a 1893 da niyyar kawo bishara ƙasar Hausa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, nan cikin jiharmu, Kent ya mutu a Bida. A cikin su biyun ba wanda ya ga ko mutum ɗaya ya tuba. Daga aikin nan ne ƙungiyar mishan ta SIM ta fito, daga ita kuma ikilisiyar ECWA a 1954. In farin cikin Gowans ya dogara ga ganin amfanin wahalarsa, to ya mutu hannu wofi. Ni ban yarda haka ya mutu ba.

Akwai wani tsoho da nake kai wa Jibin Ubangiji a gida a Nasarawa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Ɗaki ɗaya, ƙanshin man zafi ya cika shi, rediyo a gefen matashi an ɗaure batirinta da roba. Ba mutum ne mai sauƙin hali ba. Kafin in zauna ya gama faɗa da jikarsa a kan an matsar masa da sanda, ya yi ƙorafin fansho, ya yi ƙorafin ƙafa. In na zuba ruwan inabin a ƙaramin kofi sai in riƙe masa, don hannun ba ya kamawa, wani lokaci ma ya zubo masa a gemu. Kullum Yohanna 14 yake so a karanta, in na kai inda Yesu ya ce zai tafi ya shirya mana wuri, sai ya ɗaga hannun mai lafiya ya ce, "Tsaya, Rabaran, maimaita wannan." In maimaita. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, shi ke nan, ba a manta da ni ba." Bayan addu'a ya koma kan maganar fansho. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a kan tsohon nan karin maganar ta faɗi. Fuskarsa a murtuke take, zuciyarsa kuwa a zaune.

Abin da ya ƙara rikita mutanenmu shi ne irin wa'azin da ya cika gari, wanda yake haɗa farin ciki da mota, da biza, da buɗi. Ranar shaida, wanda ya sayi fili ne yake fitowa da rawa, gwauruwar da Allah ya riƙe ta shekara guda ba ta fid da zuciya ba tana zaune a benci na baya tana ganin ba ta da abin faɗa. Ban ce kayan duniya mugun abu ba ne. Allah ne yake ba mu su mu ji daɗinsu, in ɗanki ya sami aiki ni ma zan zo cin shinkafa. Amma marubucin littafin Mai-Wa'azi ya gwada gine-gine, gonaki, zinariya, mawaƙa, duk abin da ido ya so, ya dawo ya ce banza ne, harbin iska. A sura 3 aya 11 ya faɗi dalili: Allah ya sa tunanin dawwama a zuciyar ɗan Adam. Agustin, bishof ɗin Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya sha yawon neman daɗi kafin ya tuba, daga baya ya ce Allah ya yi mu domin kansa, zuciyarmu kuwa ba ta hutawa sai ta huta a wurinsa. Ko da masaƙar Kakuri ba ta rufe ba, ko da maigidanki yana nan da rai, da akwai wurin da ba za su iya cike miki ba.

Kin ambaci waƙa, kuma na san abin da ke bayan maganar: kina ganin kamar munafunci kike yi. Ki tsaya gaba cikin ankon Zumunta, ana kaɗa tulu ana girgiza caki, ki ba da waƙa mata su amsa, jama'a su tashi da rawa, ke kuwa kin san abin da ke ranki. Munafuki shi ne mai faɗin abin da bai gaskata ba don a yabe shi. Ke kina faɗin abin da kika gaskata a lokacin da ba ki jin daɗinsa, wannan kuwa aminci ne. Mai Zabura 42 haka ya yi, ya tambayi ransa me ya sa ya karai, sa'an nan ya umarce shi ya sa zuciya ga Allah. Kada ki bar waƙar. Sai dai in wata Lahadi kin ji ba za ki iya ba, ki ba wata ta ja, ke ki amsa daga baya. Ba zunubi ba ne.

Akwai baƙin cikin da zunubi ke kawowa, Dawuda ya san shi, shi ya sa a Zabura 51 ya roƙa a mayar masa da farin cikin ceto. In akwai abin da kike ɓoyewa, ko ƙullin da kika riƙe wa dangin miji a kan abin da ya faru bayan rasuwa, ki kai shi gaban Ubangiji. In kin duba babu, kada ki ƙirƙiro wa kanki laifi.

Sai jiki. Da Iliya ya ce a ɗauki ransa, Allah bai fara da yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci. Sai bayan haka aka yi magana. Rai dangin goro ne. Ki je a auna miki jini, don hawan jini yana yawan kama mata bayan irin wannan rashi ba su sani ba. In rashin barcin ya wuce mako biyu yana tafe da rashin cin abinci, da gajiya, da jin komai ya fita ranki, wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Akwai asibitin gwamnatin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa, ba nisa da ku. Na san abin da mutane suke faɗa in sun ji sunan wurin, ki bar su da bakinsu. In kuwa tunanin kashe kanki ya taɓa zo miki, kada ki kwana da shi, ki gaya wa fastonku ko wata babbar mace da kika amince da ita a ranar, a raka ki asibiti. Shan magani ba ya rage bangaskiya. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne.

Game da maigidanki, Bulus bai hana Tasalonikawa makoki ba. Ya ce kada su yi irin na waɗanda ba su da bege (1 Tasalonikawa 4:13). Begenmu kuwa ba na zama inuwa a wani wuri ba ne. Muna jiran tashin jiki, irin na Yesu da almajirai suka gane shi, suka taɓa shi, ya ci gasasshen kifi a gabansu. Ru'ya ta Yohanna 21:4 ta ce Allah zai share dukan hawaye, mutuwa kuma ba za ta ƙara kasancewa ba. In sai a ranar za a share su duka, to har zuwa ranar akwai masu bi da za su riƙa zub da su, kuma Allah ya san da haka. Cikar farin cikin da Zabura 16:11 take faɗa a gabansa take. Abin da muke da shi yanzu somin-taɓi ne, na gaske ne amma bai cika ba.

Ba ki ambaci kuɗi ba, amma yara huɗu ba uba, na san akwai kuɗin makaranta da na haya cikin abin da ke tashinki da dare. Wannan hakkinki ne a kan ikilisiya, ba roƙo ba ne. Muƙamin farko da manzanni suka kafa, a Ayyukan Manzanni sura 6, saboda gwauraye aka kafa shi, da aka ga ana tsallake wasunsu a rabon abinci, aka zaɓi mutum bakwai su tsaya a kai. Ki sami uwar Zumunta ku zauna ku biyu, ki gaya mata abin da kika gaya mini, har da rashin barcin, sa'an nan ta raka ki wurin dattawa. In sun tambaye ki abin da kike bukata, kada kunya ta sa ki ce "duk abin da ya samu". Ki rubuta ajin kowane yaro da kuɗin zangonsa a takarda, da watan da haya take ƙarewa, ki miƙa musu.